Hudar da Ke Bayan Maratayin Tawul

Idan ka ce Junaidu a cikin Hausawan Manchester, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Injiniya, ko yaran da ba sa jin Hausa za su nuna maka shi: dogon nan mai furfura a gemu, wanda ba ya rabo da biro biyu a aljihun gaba. Junaidu Abdulsalam ke nan. Shekararsa ashirin da huɗu yana aikin ruwa a ƙasar, yana zana hanyoyin manyan bututun da ke bi ta ƙarƙashin titi, kuma ba ya bari a manta da haka. In famfon kicin ɗinka ya fara ɗiga, ka kuskura ka faɗa a gabansa, to gyara zama, sai shayinka ya huce bai gama bayani ba. Mutumin kirki ne, ga zumunci ga kyauta. Abu ɗaya ne bakinsa bai taɓa iya faɗa ba, wato "ban iya ba".

A Funtuwa aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Abdulsalam Mai Famfo, bai taɓa shiga aji ba, amma rabin gidajen unguwarsu shi ya ja musu ruwa. Tsohon yana da ɗabi'u biyu da kowa ya san shi da su. Ta farko, in ya haɗa bututu ba ya rufe wurin a ranar. Sai ya yagi tsohuwar jarida ya naɗe mahaɗin, ya ɗauki kekensa ya tafi, masu gida su yi ta mita. Washegari zai dawo ya taɓa takardar. In a bushe take, a rufe. In ta yi laushi ko yaya, a kwance a sake. Ta biyu, ba ya yar da ƙarfe, komai lalacewarsa, cikin akwatin aiki yake jefa shi. Ta biyun ce Junaidu ya gada sosai.

Da 'yarsu tilo, Jannat, ta tafi jami'a a Birmingham ta kama ɗaki a unguwar Selly Oak, sai gidan nasu na unguwar Whalley Range ya yi musu faɗi, shi da matarsa Zinatu. Zinatu tana son yawon ganin duwatsu da tafkuna, amma ta tsani otel. Abincinsu bai kwanta mata ba, banɗakinsu kuwa ba a magana. A 2022 Junaidu ya yi abin da babu Bahaushen da ya taɓa yi a garin a iya saninsu: ya sayi motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Ranar da ya fara zuwa sallar Juma'a da ita, Dakta Harun, abokin tsokanarsa, ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Injiniya, hukumar gari ce ta kore ku daga gidan, ko komawa kiwo za ka yi?"

Daga ranar aka sa mata suna Tafi-da-gidanka. Junaidu ya yi dariya, amma a ransa ya ji daɗi.

Wajen wani dila da ke bayan garin Birmingham ya saye ta, da garantin shekaru a kan shigar ruwa. Sharuɗɗan ba su da wuya. Duk shekara a kawo motar a gwada danshi a bangonta da daɓenta, sannan kada wanda ya taɓa bututun ruwanta in ba ma'aikacin dila ba. Junaidu ya karanta, ya ja layi da jan biro, har ya karanta wa Zinatu da ƙarfi.

A watan Afrilu na shekarar da ta biyo baya suka kai ta gwajin farko. Suna tsaye a farfajiya Zinatu tana yi masa faɗan ya manta da fulas, sai wata mace cikin shuɗin kayan aiki, da 'yar na'ura mai allura biyu a hannu, ta tsaya cak. Ta ɗan rusuna.

"Ina kwana, Mama. Ina kwana, Baba. Kun zo lafiya?"

Zinatu ta kusa yar da jakarta. Sunan matar Rachel Gimba, shekarunta wajen talatin. A Birmingham aka haife ta, iyayenta 'yan Kafanchan ne, uwar ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin Edgbaston. Turancinta na 'yan garin ne sak, Hausarta kuwa irin ta gida da coci, tana yi tana haɗawa. Ita kaɗai ce mace cikin makanikan garejin, kuma shekara shida ta yi kafin a ba ta ikon sa hannu a takardar gwaji. Ta bi motar lungu-lungu tana dafa allurar, tana rubutawa. Da ta gama ta ce, "Baba, motarka is bone dry, a bushe take ƙayau." Zinatu ta juye mata dambun naman da suka yi guzuri gaba ɗaya a leda, ta ce ta kai wa mamanta.

To, motar tana da aibi ɗaya, wanda Baturen da ya ƙera ta bai san aibi ba ne. Banɗakin ba shi da tiyon tsarki. Buta suke ajiyewa, ita kuwa buta ba ta san ana tafiya ba, duk kwanar da aka sha sai ta kife. Wata rana a hanyar Wales Zinatu ta gaji da goge ruwa.

"Baban Jannat, ka kira dealer su sa mana ɗan tiyo mana. Yarinyar nan Rachel za ta gane abin da muke nufi."

Maganar ta soke shi. Shi da yake zana bututun da mutum zai iya tafiya a cikinsa a tsaye, shi za a ce ya tuƙa mota har Birmingham saboda tiyon banɗaki?

"Aikin minti arba'in ne," ya ce. "It's just a tee, mahaɗi ne kawai mai baki uku."

"Ai kai ka karanta min an hana."

"An hana waɗanda ba su san ruwa ba."

Ranar wata Asabar ta watan Mayu ya cire allon da ke gefen masai, ya yanke bututun, ya sa mahaɗin tagulla mai baki uku, ya huda allon daidai gwiwa ta hannun dama, ya fito da tiyo. Ya kunna, ruwa ya feso gwanin sha'awa. Akwai tsohuwar jarida a kan kujerar direba, har ya kalle ta. Sai ga motar Dakta Harun ta tsaya a ƙofar gida, da baƙi biyu daga Kano. Wa zai nuna wa baƙi banɗaki a buɗe, hanjinsa a waje? Nan da nan ya mayar da allon ya ɗaure. Ranar an sha kallo, har ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki hoton tiyon ya ce zai tura wa wansa.

Duk bazarar nan sun yi yawo. Ba ƙarshen makon da ba su fita ba, kuma Zinatu ba ta daina sa masa albarka ba. Sai a watan Satumba ta fara cewa tana jin wari kamar na tabarmar da ta kwana a ruwa. Ya ce takalma ne. Bayan mako biyu ya taka ƙofar banɗakin ya ji daɓen ya lotsa a ƙarƙashin ƙafarsa kamar burodi.

Ya jira ta tafi kasuwa, ya kwance allon. Bai buƙaci na'ura ba. Ga ɗigon nan a leɓen mahaɗinsa, yana taruwa a hankali, ya faɗi, wani ya taru. Katakon ƙasa ya yi baƙi ƙirin har ƙarƙashin kicin. Ya daɗe a tsugune a wurin. Ba gyaran ne ya fara zuwa masa a rai ba. Fuskar Zinatu ce, da dariyar Dakta Harun, da hoton nan da yanzu yake yawo a wayoyin mutanen Kano. Kunya ta kama shi, kuma maimakon ta kai shi ga gaskiya, sai ta kai shi ga akwatin aiki.

Ya cire mahaɗin da tiyon. Ya sa sabon guntun bututu irin na kamfani. Hudar da ke jikin allo kuwa, ya sayo ɗan maratayin tawul ya ɗaura a kanta, ta ɓace. Mahaɗin tagullar ya ɗaga zai jefa a shara, hannunsa ya ƙi, ya cusa shi a aljihun rigar sanyinsa. Da Zinatu ta dawo ya ce mata ruwa ne yake shiga ta ƙasa tun daga kamfani, tiyon kuma ya cire ne don kada su sami abin fakewa. Ta dube shi ɗan jim, ta ce Allah ya kyauta.

Sannan ya zauna ya rubuta wasiƙar koke, shafi uku. Ya iya wasiƙa, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya ce a matsayinsa na injiniyan ruwa mai shekara ashirin da huɗu a bakin aiki, ruɓewa irin wannan ba ta faruwa cikin wata biyar, ta haura shekara. Saboda haka gwajin da aka yi a Afrilu, ko dai ba a yi shi da kyau ba, ko ba a yi shi ba sam. A ƙasa ya jera duk haruffan digiri da muƙamai da ke bin sunansa. Bai ambaci sunan kowa ba, kuma da wannan ya riƙa lallashin kansa, wai shi da kamfani yake yi, kamfani kuwa ba ya jin ciwo. Alhali takardar gwajin tana gabansa a kan tebur, da sa hannu a ƙasanta ɓaro-ɓaro: R. Gimba.

Ya kai motar ya ajiye musu, ya dawo a jirgin ƙasa. Mako uku bai ji daɗin abinci ba. A masallaci in an tambaye shi ina Tafi-da-gidanka, sai ya ce tana asibiti, sakacin dila ne, mutane su yi ta taya shi tsaki. Kowane tsaki sai ya ji kamar a fuskarsa aka yi. Rannan aka kira shi aka ce ya zo, an gama bincike.

Zinatu ta ce da ita za a je, ta kwana biyu ba ta ga Jannat ba, kuma ta yi wa Rachel dambu. Suka isa da hantsi, ana yayyafi. Tun daga bakin ƙofa Zinatu take leƙen garejin, ba ta gan ta ba. Can ƙarshen farfajiya, inda ake wanke motoci, wata mace cikin rigar ruwa da dogon takalmin roba tana dirza tayar wata mota da buroshi. Ta ɗago, ta ajiye buroshin, ta goge hannu a cinya, ta zo ta rusuna.

"Ina kwana, Mama. Ina kwana, Baba."

"Rachel! Me kike yi a nan da bokiti? Ina na'urar taki?"

"Sun karɓe, Mama. An ce akwai complaint a kan check ɗina. Suna sake duba duk motocin da na yi signing tun bara. Ran Juma'a za su gaya min ko zan zauna." Ta juya ga Junaidu. "Baba, don Allah zo ka ga wani abu a motarka. Minti biyu."

Ya bi ta kamar wanda aka ɗaura wa igiya. Zinatu ta tsaya a waje da ledarta. Motar tana gefe, an ɗaga rabin daɓenta. Rachel ta buɗe banɗakin, ta tsuguna, ta sa yatsa a kan maratayin tawul ɗin.

"Ni aka ba wankin cikinta," ta ce a hankali. "Na ce, wa zai rataye tawul a nan, kusa da ƙasa? Sai na kwance. Akwai huda a baya, Baba. Daidai gwiwa, hannun dama." Ta mayar da maratayin. "Su ba su san ta mene ne ba. They'd never guess. Amma gidan kakata a Kafanchan akwai buta, kuma duk gidan friends ɗina Musulmi akwai tiyon nan. Na sani."

Da a ce a wannan lokacin Junaidu ya ce ta yafe masa, da labarin ya zo da sauƙi. Amma abin da ya fito daga bakinsa, tun kafin ya yi tunani, shi ne:

"Wa kika gaya wa?"

Ta ɗago ta dube shi. Wani abu ya canza a idonta, ya gani da idonsa, kuma har gobe yana ganinsa.

"Ba kowa. Sati biyu ke nan. Na gaya wa mamana kawai, ta ce ba a tashi a gaban mutane a ce babba ya yi ƙarya. Ta ce in jira, za ka faɗa da kanka." Ta miƙe. "So I waited."

Ta fita ta koma wajen bokitinta. Ya tsaya shi kaɗai a cikin warin ruɓaɓɓen katako. Duk dabararsa a kan abu ɗaya ya gina ta, cewa babu wanda zai gane hudar. Ashe mutum ɗaya da za ta gane ita ce wadda ya jefa a wuta, kuma ladabin da aka koya mata ne ya rufe mata baki, tana wanke taya a cikin ruwan sama don kada ta kunyata shi. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin ya raina kansa irin na ranar ba.

Manajar sashen gyara, wata mai suna Chloe, ta tarbe su da fara'a da kofin shayi. Ta ce albishir gare su. Kamfanin da ya ƙera motar ya karanta wasiƙarsa, ya amince, za a sake daɓen gaba ɗaya a ƙarƙashin garanti. Ta ba shi haƙuri a madadin kowa, ta ce ba kullum suke samun mai mota da ya san aiki irinsa ba, kuma ma'aikaciyar da ta yi gwajin ana ɗaukar mataki a kanta. Ta turo masa takarda ta nuna inda zai sa hannu.

Ya zaro biro ɗaya daga aljihu. Ta tagar ofishin ana hango farfajiya, da rigar ruwan nan a sunkuye. Zinatu tana gefensa, ledar dambu a kan cinyarta, ba takardar take kallo ba, shi take kallo. Ya mayar da biron. Ya sa hannu a aljihun rigar sanyi, ya ciro mahaɗin tagullar, ya ajiye a kan takardar. Ƙarar da ya yi a kan tebur ba ta da yawa, amma shi ya ji ta har cikin haƙoransa.

Ya faɗi komai, da Turancin nan nasa mai kyau wanda ranar ya riƙa sarƙewa. Ya ce shi ya yanke bututun a watan Mayu, bayan gwaji. Shi ya rufe bai duba ba, shi ya ɓoye hudar. Ya ce gwajin Afrilu daidai yake, abin da ya rubuta a wasiƙa ƙarya ne, kuma ya san ƙarya ne lokacin da yake rubutawa. Chloe ta juya mahaɗin a hannu, ta tambaye shi tiyon na mene ne a gefen masai. Dole dattijo mai furfura ya zauna yana yi wa Baturiya bayanin tsarki, a gaban matarsa. Da ya gama, fara'ar ta tafi. Ta ce garantin ruwa ya faɗi daga yau, gyara kuma nasa ne. Ya ce ya sani. Ya roƙi abu ɗaya, a kira Rachel ya maimaita a gabanta.

Aka kira ta, ta shigo takalminta yana ɗigar da ruwa a kan kafet. Ya maimaita, sannan ya juya harshe ya ce, "'Yata, na zalunce ki. Ki yafe min."

"Ba komai," ta ce, idonta a ƙasa. Ta karɓi dambun daga hannun Zinatu da hannu biyu, ta yi godiya, ta fita.

Ba su je Selly Oak ba ranar. A jirgin komawa Manchester, da suka wuce Stafford, Zinatu ta juyo ta dube shi.

"Tun ranar da na ga maratayin nan na sani," ta ce. "Ni ma jira na yi. Da na san yarinyar mutane ce za ta ɗauki abin, wallahi da ban jira ba."

Ranar Juma'a da Dakta Harun ya tambayi jikin mai jinya, wato motar, Junaidu ya gaya masa gaskiya a tsaye a bakin masallaci, mutane suna ji. Dakta Harun, wanda bai taɓa barin dama ta wuce shi ba, sai kawai ya ce Allah ya rufa asiri. Junaidu ya ce da ya yi masa dariya ma da ya fi masa sauƙi.

An mayar wa Rachel na'urarta. Ita ta sake daɓen, kuma bisa roƙon Zinatu ita ta sa sabon tiyo, da takardar izini. Da Junaidu ya je ɗaukar motar, ya tarar allon gefen masai a buɗe, an naɗe mahaɗin da shuɗiyar takardar goge hannu ta gareji. Tun jiya ta naɗa, ta ƙi rufewa. Ta nuna masa da biro ta ce ya taɓa. Ya tsuguna ya taɓa, a bushe take ƙayau. Ya tuna keken mahaifinsa.

"Rachel, wa ya koya miki wannan? Haka babana yake yi a Funtuwa."

Ta ɗaure allon, ta miƙo masa takarda.

"It's standard, Mr Abdulsalam. Sign here, please."

Har yanzu yana da motar, kuma duk Afrilu yana kai ta gwaji, ko da yake babu sauran garantin da zai kare. A masallaci ya rage dogon bayani a kan famfo, an ma taɓa jin ya ce wa wani ya nemi mai gyara. In sun isa farfajiyar dilan, Rachel takan fito da na'urarta, ta rusuna wa Zinatu ta ce, "Mama, ina kwana, ya hanya?" su yi ta hira da dariya. Shi kuma yakan tsaya a gefe da makulli a hannu, ya ce, "Ina kwana, 'yata." Ita kuwa ta amsa da ladabi, ba fushi ba gaba, ta ce, "Good morning, sir," ta karɓi makullin.